Ɗana, Kafin Ka Taɓa Wutar Furosesa

Ɗana, labari ya iso ni cewa kuɗin da kake tarawa sun kusa cika, kuma ka ƙudurta haɗa kwamfutar tebur da hannunka maimakon sayen haɗaɗɗiya. Na ji daɗi, Allah ya sa albarka. Wanda ya ɗaure kowane sukuru da kansa ba ya tsoron buɗe murfi ran da abu ya lalace. An kuma gaya mini yanzu ba ka da zance sai na obakulokin, wai za ka tura furosesa ta wuce gudun da kamfani ya rubuta mata. Ba zan hana ka ba. Mu ma mun yi, kuma a zamaninmu abin ya biya. Amma bari in faɗa maka abin da ya sa ya biya a da, da abin da ya canza, don kada ka zuba kuɗinka inda babu riba ka bar inda ribar take.

Gudun furosesa lissafin ninkawa ne kawai. Akwai bugun asali da madabod ke bayarwa, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita. A injinan yanzu bugun asalin MHz 100 ne. In lambar 45 ce, ka sami 4,500, wato GHz 4.5. Duk wanda ka ga yana wannan sana'a, ɗayan biyun nan yake taɓawa. A 1998 Intel ta fitar da wata mai araha, Celeron 300A. Bugunta 66 ne, ana ninka shi sau huɗu da rabi ta ba da 300. Sai masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka gano in aka ɗora ta a kan bod irin Abit BH6, aka shiga BIOS aka mai da 66 ɗin nan 100, sai ta tashi a 450 ta yi ta aiki ba gardama. Ƙarin rabi ke nan cur, ba a ƙara ko kwabo ba, ga ta kuma kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wadda ta ninka ta kuɗi fiye da sau uku. Bayan kamar shekara biyu, masu Athlon da Duron na AMD suka shiga goga fensir a kan wasu 'yan gadoji da kamfani ya yanke a saman furosesar. Baƙin fensirin ya haɗa wutar, lambar ninki ta buɗe. A 2007 Core 2 Quad Q6600 mai GHz 2.4 takan hau 3.0 cikin sauƙi. A 2011 kuma Core i5-2500K, wadda aka rubuta mata 3.3, mutane da yawa sun zaunar da ita a 4.5 suka yi shekaru a kai. Waɗannan labaran ne abokanka ke karantawa jininsu ya tsinke da sha'awa, kuma ba ƙarya ba ne.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne inda wannan rarar ta fito. A wancan lokacin kamfani yakan rubuta lamba ɗaya, wadda ya tabbatar ko mafi raunin furosesocinsa zai iya ɗauka a ɗaki mafi zafi, ya bar sauran ƙarfin a kwance. Wani lokaci ma mai kyau ce ake yi wa lakabin ƙarama saboda kasuwa ta fi neman mai araha. Mu kuma sai mu je mu kwashi abin da aka bari. Yau kamfanonin sun daina bari. Furosesar zamani tana auna zafinta da wutar da take sha sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ta ɗaga kanta da kanta har iyakar abin da sanyin da ka ba ta ya yarda. Ryzen 5 5600X an rubuta mata 3.7, amma tana hawa 4.6 ba wanda ya taɓa ta. Core i9-14900K tana taɓa GHz 6, kuma an yarje mata ta sha wat 253 tun daga kwali. To me ya rage maka? Sau da yawa yaro zai kwana uku yana fama, ya kafe dukkan ƙwayoyin furosesa a lamba ɗaya, ya sami ƙarin da bai taka kara ya karya ba a aikin da ke cin ƙwayoyi duka, a aikin ƙwaya ɗaya kuwa ya koma ƙasa da inda injin ke kai kansa tun farko. Kuma yana murna.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka a ka, ko ka manta duk sauran. Wutar da furosesa ke sha tana hawa daidai da gudu, amma ga boltej ninkin kansa take bi. In ka ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari, zafi ya ƙaru da kamar kashi 10. Matsalar ita ce gudu ba ya zama sai an ƙara boltej. Ka ɗaga daga 1.20 zuwa 1.35, abin da a ido bai kai komai ba: raba 1.35 da 1.20, ka ninka amsar da kanta, za ka ga ƙarin kusan kashi 27. Haɗa da kashi 10 na gudun, ka doshi kashi 40. Wato ka sayi gudu kashi 10 da zafi kashi 40. Kuma kowane mataki na gaba ya fi na bayansa tsada, har ka kai inda MHz 100 na ƙarshe za su ci wutar da 500 na farko ba su ci ba.

Zafi shi kaɗai ba kasafai yake kashe furosesa ba, domin tana da mai gadinta: yawancin na Intel in suka kai digiri 100 sai su rage gudu, na Ryzen 7000 kuwa a 95. Boltej mai yawa, musamman in ya haɗu da zafi, shi ne mai ɓarna a ɓoye. Yana cinye 'yan siraran hanyoyin da ke ciki a hankali, sai bayan watanni ka ga injin da ke zaune lafiya ya fara neman ƙarin wuta kafin ya yi abin da ya saba. Wannan ba ya warkewa. Kada ka ɗauka tsoratarwar tsofaffi ce. A 2023 an ga furosesocin Ryzen 7000X3D da suka kumbura suka ƙone har da mazauninsu a kan bod, sai da AMD ta sa aka yi wa wani boltej na cikinsu, wanda ake kira SoC, iyaka a 1.3. A 2024 Intel ta amsa da bakinta cewa wasu furosesocinta na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman wutar da ta wuce kima kuma hakan na tsufar da su. Ta fitar da gyara a watan Agusta mai hana neman abin da ya haura 1.55, ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu, amma wadda ta riga ta taɓu gyaran ba ya dawo da ita. Waɗannan fa su ne suka ƙera abin, da injiniyoyinsu da ɗakunan gwajinsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kafin ma a kai nan, duba ko abin da za ka saya ya yarda a taɓa shi. A wajen Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, a kan bod mai farawa da Z. A wajen AMD kusan duk Ryzen a buɗe suke, amma bod mai farawa da A, irin A320 da A520, ba ya barin ka. Sai B ko X. Injinan ofis na tokumbo da suka cika kasuwa, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, BIOS ɗinsu a rufe yake, fawa-fak ɗinsu kuma an auna shi daidai bukatarsu. Injina ne masu juriya, kada ka raina su, amma ba don wannan wasan aka yi su ba. In ka ɗauki bod a hannu, dubi gefen mazaunin furosesa: za ka ga jerin 'yan dunƙule masu kusurwa huɗu, su ne ke sauko da bolt 12 na fawa-fak zuwa ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. In an rufe su da ƙarfe mai kauri, madalla. In tsirara suke kuma ba su da yawa, wannan bod ɗin zai yi zafi ya rage wa furosesa wuta tun ita ba ta gaji ba.

Yanzu zancen da ya fi damuna, wanda bidiyoyin da kake kallo ba za su gaya maka ba saboda ba matsalarsu ba ce. Mai gwajin nan da ka ga yana nuna digiri 75 a allo yana cewa komai lafiya, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 yake zaune. Na'urar sanyaya furosesa, ta iska ce ko ta ruwa, ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafi take kwasa ta miƙa wa iskar ɗaki, saboda haka abin da take iya yi shi ne ta riƙe tazara tsakanin furosesa da ɗakin. In tazararsa 53 ce a ɗaki mai 22, kai da ke ƙarƙashin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗakinka yana 38, lissafinka 91 ne da kaya iri ɗaya da saiti iri ɗaya. Shi yana da sauran fili, kai kuwa kana bakin iyaka tun ba ka taɓa komai ba. Shi ya sa nake ce wa yara kada su kwafi lambar wani. Ko a ɗaki ɗaya ma, furosesa biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya ba sa ɗaukar gudu ɗaya. Kowace da rabonta tun daga masana'anta.

Daga nan kuma wata dabara ta fito: saitin da ka gwada a watan Disamba, hunturu na busawa, bai ci jarrabawa ba tukuna. Na sha ganin injin da ya yi wata uku lafiya ƙalau, bazara na shigowa ya fara mutuwa da azahar, mai shi yana zargin Windows ko bairos. Jarrabawar gaskiya sai da rana tsaka a watan da ya fi zafi, tagogi yadda ka saba barin su.

Game da abin sanyayawa, ra'ayina a fili yake: a ƙasarmu na iska mai hasumiya ya fi kwanciyar rai. Ka ga bututan jan ƙarfen nan da suka taso daga gindinsa suka ratsa faifan alminiyom? Ba ƙarfe ne zalla ba. A cikin kowanne akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an toshe, don haka ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya tashi sama inda fanka ke busawa, ya huce ya koma ruwa, ya biyo jikin bututun ya dawo gindi, kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya ya ɗiga ya koma miya. Babu famfo, babu abin da ke motsi sai fanka, ita kuwa in ta mutu ka sami wata a kasuwa ka ɗaura. Cooler Master Hyper 212 ya daɗe yana yi wa talaka hidima, kuma ya ishi furosesa mai ƙwaya shida. In taka ta fi haka ci, nemi mai hasumiya biyu irin Thermalright Peerless Assassin, ko Noctua NH-D15 in aljihu ya yarda. Sai dai ka auna kafin ka saya: NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, ba kowane akwati ne zai rufu a kansa ba, kuma fankarsa ta gaba takan zauna a kan RAM mai dogon kai.

Na ruwa, wanda ke zuwa a haɗe da radiyeto mai tsawon milimita 240 ko 360, yana da kyan gani, kuma babbansa ya fi na iska kwasar zafi in furosesar irin mai shan wat 250 ce. Amma yana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, sau da yawa ba sallama: fankoki na juyawa, fitilu na walƙiya, zafi kuma ya haura 90 cikin ɗan lokaci. Ruwan ma yana raguwa a hankali cikin shekaru. In ka nace sai shi, ɗaura radiyeton yadda wani sashensa zai fi famfon tsayi, don kumfar iska ta taru a can maimakon cikin famfo. Kada kuma wani ya ruɗe ka da sa ƙanƙara ko jingina akwatin a bakin na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya fi iskar ɗaki sanyi sosai yakan tara raɓa, raɓa a kan bod kuwa ka san ƙarshenta. Waɗanda ka ji sun kafa tarihi, kamar FX-8150 ta AMD da ta kai GHz 8.429 a 2011, ko Core i9-13900K da ta haura GHz 9 a ƙarshen 2022, da ruwan iskar hiliyam aka yi, an lulluɓe bod ɗin don raɓa, kuma na ɗan lokacin da za a ɗauki hoton allo ne. Wasa ne mai ban sha'awa, amma ba wanda ke tace bidiyon biki a kan irin wannan injin.

Ran ɗaurawa, juya gindin abin sanyayawar ka duba. Yawancinsu suna zuwa da 'yar leda mai garai-garai manne a wurin, kuma ba yaro ɗaya ba, ba biyu ba, sun kawo mini inji yana tafasa, in buɗe in tarar da ita a nan, har da rubutun gargaɗin da ke jikinta. Ɓare ta. Man da ake shafawa kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ɗaure sukurorin a gicciye, wannan kusurwa juyi biyu, ta gabanta juyi biyu, har su zauna tare. Sannan ƙura. Ɗaga akwatin daga ƙasa, sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa kuma su kasance da rariya a gabansu, don kada ƙura ta riƙa shigowa ta kowace kafa. Lokacin hunturu buɗe ka busa akai-akai, ka dafe fanka da yatsa kada buluwa ta juya ta fiye da ƙima. Ƙurar da ka bari har damina ta same ta takan sha laima ta dunƙule tsakanin faifan, sai da buroshi.

RAM kuwa nan ne ribar da yara ke tsallakewa. Fara da yawa kafin gudu: in aikinka na neman GB 16 kana da 8, komai gudun 8 ɗin nan injin zai koma yana aro daga faifan ajiya, kuma nan ne nauyin da kake ji yake. Bayan yawa sai adadin sanduna. Furosesar tebur tana da hanya biyu zuwa RAM. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 tana iya wuce da GB 25.6 a daƙiƙa, biyu kuwa 51.2. Saboda haka 8 biyu sun fi 16 guda, musamman in furosesarka ce ke ɗauke da aikin hoto, irin Ryzen 5 5600G, inda bambancin a wasanni ba ya ɓuya. A bod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa; littafin bod ɗin zai tabbatar maka. Ka sayi biyun a kwali ɗaya. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya, Samsung da SK Hynix da Micron, sauran saya suke su manna sunansu, don haka sanda biyu masu tambari ɗaya da aka saya a lokuta daban suna iya zama 'ya'yan gida daban, su ƙi jituwa. Ka kuma yi hattara da RAM na saba da ke shigowa cikin kayan tokumbo da araha mai ban mamaki. In ka ga harafin R bayan lambar gudunsa, ko an rubuta RDIMM, zai shiga ramin amma bod ɗin gida ba zai tashi da shi ba.

In ka kunna injin karon farko, RAM ɗin da ka saya a matsayin 3200 ko 3600 zai iya tashi a 2133 ko 2400. Ba a cuce ka ba. Wannan shi ne gudun ƙa'ida da kowane bod ya sani. Sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO in sabon AMD ne mai DDR5, kafin ya hau abin da aka rubuta a kwali. Mutane da yawa sun biya kuɗin RAM mai gudu suka yi shekaru ba su taɓa kunna wannan ba. In kuma ka buɗe CPU-Z ka ga 1600 a maimakon 3200, kada ka ɗauki hanyar kasuwa da faɗa: irin wannan RAM sau biyu yake aika saƙo a kowane bugu, 1600 ɗin ita ce 3200. Lambar CL da ke gefe jinkirin amsawa ce, kuma ba a karanta ta ita kaɗai. Ninka ta da 2000 ka raba da gudun. 3200 mai CL16 ya ba da 10. 3600 mai CL18, 10. DDR5-6000 mai CL30, 10 dai. Kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa ke nan duka ukun, don haka kada mai kanti ya tsorata ka da cewa 30 ta fi 16 nauyi. Ga Ryzen 3000 da 5000, DDR4-3600 ne wurin zama mai daɗi, saboda hanyar da ke haɗa sassan furosesar tana tafiya tare da shi ƙafa da ƙafa a 1800. Ga Ryzen 7000 kuwa DDR5-6000. Abin da ya haura nan tsada ce da ciwon kai. DDR5 kuma ran farko yakan bar allo baƙi na 'yan mintuna yana daidaita kansa da bod. Yi haƙuri, kada ka zare waya.

Ka sani fa XMP ɗin nan shi ma turawa ce, an dai yi maka lissafin ne tun daga masana'anta: DDR4 na ƙa'ida bolt 1.2 yake sha, da XMP yawanci 1.35. Don haka shi ma sai an gwada. Nan ne na fi jin tsoro, fiye da ƙonewa. Injin da ya mutu ya nuna shuɗin allo ya yi maka adalci, ya faɗa maka akwai matsala. Wanda ke kuskuren lissafi sau ɗaya a cikin biliyoyi ya ci gaba da aiki kamar ba komai, shi ne mugu. Kuskuren zai shiga fayil, ka adana, ka kwafa a ma'ajiyarka ta biyu, sai ran da amarya ta aiko karɓar bidiyonta ka tarar ya ƙi buɗewa, ko zanen ginin da ka kwana a kai ya lalace. Sa MemTest86 a filashi ka tayar da injin da shi, ka bar shi ya gama zagayensa huɗu. Kuskure ɗaya tak ya isa ka sauko da gudun.

Kada ka tsuke hannu a fawa-fak. Shi ne kayan da ba ya ƙara gudu ko kaɗan, shi ya sa yara ke sayen mafi araha, kuma shi ne in ya tafi yakan tafi da maƙwabtansa. Ga wutarmu yadda take, a ɗauke a kawo, a koma janareta. Sami UPS, ka kuma lura lambar da ke jikinsa VA ce: mai 650 bai fi ya ɗauki wat 400 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Injin da ka ƙara wa ci zai iya fin ƙarfinsa daidai lokacin da kake bukatarsa. Sabunta BIOS kuwa kada ka fara sai a kan UPS ko inbata mai caji, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya, bod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

In bayan duk wannan ranka na so ka gwada, bismillah, ga yadda ake yi. Kwashe muhimman fayilolinka tukuna. Nemo inda ake mai da BIOS yadda ya zo, ko maɓalli ne, ko 'yan ƙusoshi biyu da ake haɗawa, ko cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Ka san wurin tun allo bai yi baƙi ba. Sami littafi da biro. Kunna Cinebench kana kallon HWiNFO ba tare da ka canza komai ba, ka rubuta maki da zafi da wat, don ka san daga inda ka tashi. Sannan abu ɗaya a lokaci ɗaya: RAM tukuna har ya zauna, kafin furosesa. Ƙara lambar ninki da ɗaya, ka gwada. Kada ka bar boltej a hannun bod ya zaɓa maka, domin bod ya fi son injin ya tashi ko da wutar ta yi yawa. Sa da hannunka, ka riƙa ƙarawa 0.01. Babu boltej ɗaya da ya dace da kowace furosesa, abin da 2500K ta jure shekaru zai iya gajiyar da ta yau, don haka nemi na irin taka takamaimai. Gwajin ƙarshe da OCCT ko Prime95 na awoyi ne, sannan ka ɗora mata ainihin aikinka. In ka sami inda ta tsaya, koma baya mataki ɗaya ka zauna a nan. Sauri ya haifi nawa. Ka kuma sani Intel da AMD duka sun rubuta cewa garantinsu bai rufe ɓarnar da wannan ya jawo ba.

Da ni ne kai, da ta ɗaya gefen zan bi. Tunda furosesar yau zafi ne ke tsayar da ita, rage mata boltej kaɗan yakan sa ta huce, in ta huce kuma ta ɗaga gudunta da kanta. A Ryzen 5000 zuwa sama akwai Curve Optimizer a cikin BIOS. Ka ba shi lamba ta ragi, ka fara da 10, ka gwada, ka matsa a hankali. Wannan gwajin dabam yake, domin injin da aka rage wa wuta fiye da kima ba a tsakiyar aiki mai nauyi ya fi mutuwa ba, sai yana zaune ba ya komai ko kana karanta wasiƙa, don haka ba shi kwanaki kafin ka yarda da shi. Akwai kuma rage iyakar wat gaba ɗaya. Ryzen 9 7950X mai wat 170 tana da saitin 105, kuma abin da take rasawa na gudu bai kusa da abin da take ragewa na wuta ba. Ga mai zaune a kan sola da batir, ko mai biyan kuɗin wuta na rukunin A da ya haura naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan lissafi ne na aljihu. Fankoki ma sai su yi shiru, ka ji abin da kake tacewa.

Na san in ka ƙware mutane za su fara kawo maka nasu, haka sana'ar take farawa. Injin wani ba wurin gwaji ba ne. A shekarun 1990 wasu 'yan kasuwa sun riƙa goge lambar furosesa su buga babba su sayar da tsada, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ta kulle lambar ninki. In ka haɗa wa mutum inji, bar furosesar yadda ta zo, kunna masa XMP bayan ka gwada, shi ke nan. In shi ya roƙa a tura masa, gaya masa abin da zai samu da abin da zai iya rasawa, ka rubuta saitin da ka sa da ranar da ka sa a takarda ka manna a cikin murfin akwatin, don mai gyaran da zai zo bayanka ya san abin da ya tarar. In za ka sayar da furosesar da ka daɗe kana ba wa wuta mai yawa, faɗa wa mai saye ko bai tambaya ba, ka rage masa kuɗi.

Naka injin kuma, yawancin bod suna barin ka adana saiti fiye da ɗaya a BIOS. Ajiye biyu, na sanyi da na bazara, ka koma na biyun da zarar watan Maris ya kama. In kayan sun iso, kawo su shago ranar Asabar bayan la'asar mu duba ƙusoshin mazaunin furosesar tare kafin ka ɗora komai. Ka gaishe da mutanen gida.